Garwashi a Tafin Mikon

Ga ta nan, ga ta nanku, ta haye teku ta iso.

Ta zo mu ji ta, mu ba ta tabarma.

To, ku matso. Wannan ba ta dariya ba ce, wanda ya zo neman dariya ya koma ɗakin uwarsa. Kakana ne ya ba ni ita, shi kuma a bakin wani tsohon matuƙin jirgin ruwa ya same ta, shekarar da ya tafi Makka a ƙasa.

A zamanin da, can a ƙasar Yunanawa, akwai wani tsibiri. Ruwa gabas, ruwa yamma, ruwa kudu, ruwa arewa. A tsakiya dutse, a gindin dutse gari. Mutanen garin masunta ne. Suna ɗan noman sha'ir, suna da zaitun, suna da awaki.

Abu biyu suka riƙe da hannu bibbiyu. Na farko wuta. Ranar da kakanninsu suka baro tsohon garinsu, sun ɗebo garwashi a tukunya daga murhun iyayensu, suka haye teku da shi. Tun ranar wutar nan ba ta taɓa mutuwa ba. In ta mutu a wannan gida, a ɗebo a wancan. In ta mutu a wancan, a ɗebo a wannan.

Na biyu dokar baƙo. Wanda ya ci abincin murhunka ya zama baƙonka, jininsa ya haramta a gare ka har abada. Wanda ya taɓa baƙonsa, Mai Aradu ne zai bi kadi. Haka suke kiran abin da suke tsoro a sama, don mutanen jahiliyya ne, ba su san abin da muka sani ba. Dokar nan ba ta bar mutum ba, ba ta bar aljani ba, ba ta bar dodo ba.

A kan dutsen akwai kogo, a cikin kogon akwai dodo. Ba a kiran sunansa, sai dai a ce Na-Bisa. Fatarsa ta tagulla ce. In ya miƙe, kansa ya fi itacen zaitun tsawo. Abincinsa mutum.

Jarumi na farko ya hau da takobi, takobin ya karye, bai dawo ba. Na biyu ya hau da mashi, mashin ya lanƙwashe, bai dawo ba. Na uku ya hau da baka da kibau. Shi kuwa ɗan Sarki Filon ne, shi kaɗai gare shi. Bakansa kawai aka tsinta a gindin dutse.

Daga nan Sarki Filon ya sunkuyar da kai aka yi yarjejeniya. Duk ranar da wata ya tsaya, a kai wa Na-Bisa mutum ɗaya gindin dutse, shi kuma ba zai taɓa kowa ba sai wani watan. Ana saura kwana biyu sai a zuba tsakuwa a tulu, farare duka, ɗaya baƙa. Kowa ya sa hannu. Wanda ya zaro baƙar, shi ke nan.

Na-Bisa mugu ne, amma ba wawa ba ne. Ya san dokar baƙo, yana tsoron aradu. Saboda haka bai taɓa ba ɗan Adam ruwa ba, bai taɓa ba shi loma ba. Ko ƙashin da ya gama gwaigwaya, a teku yake jefawa, kada wani ya lasa ya ce ya ci abincinsa.

A ƙarshen garin akwai wata tsohuwa, sunanta Timo. Mijinta ya tafi su, teku ta riƙe shi. Ɗa ɗaya gare ta, Mikon. Gajere ne, siriri, iska mai ƙarfi ma tana iya kada shi. Ba ya kokawa, ba ya harbi. Ɗinkin taru yake yi. In tarun masunci ya yage, a kawo wa Mikon, yatsunsa su bi zaren nan kamar kaza na tsintar hatsi. Ba shi da jirgi, ba shi da gona. Hannunsa ne gonarsa.

Ranar nan aka kawo tulu. Kowa ya sa hannu. Fari. Fari. Fari. Timo ta sa hannu, ta zaro, ta buɗe. Baƙa.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaure tsakuwar a gefen zanenta ta koma gida.

Mikon ya bi ta, ya durƙusa. Ya ce, "Inna, ba ni tsakuwar nan, ni zan tafi."

Ta ce, "Tashi. Ban yi naƙudarka don in miƙa ka ga dodo ba. Kuma ka san doka, wanda ya zaro shi ke tafiya."

Ya zauna a ƙofar ɗaki, zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Yana nan zaune sai ga maƙwabciyarsu Melita da ɗan tsingaron fasasshiyar tukunya a hannu. Ta tsaya tana jin nauyi. Ta ce, "Iya, ki yi haƙuri, yau ba ranar roƙo ba ce, amma wutata ta mutu."

Timo ta ɗebo garwashi ta zuba mata. Ta ce, "Wane irin roƙo, 'yar nan? Wutar da ta fita daga murhuna, duk inda ta je murhuna ne. 'Ya'yanki abincina suke ci, nawa ɗan ma naki yake ci. Ki dai riƙe da kyau. In ta taɓa ƙasa ta zama tsintuwa, ba tawa ba ce kuma."

Melita ta fita. Mikon ya bi tsingaron da kallo har ya shige gida. Wata dabara ta faɗo masa. Sai ya miƙe.

Ya kama hanyar dutse. Ba takobi, ba mashi, ba baka. Ya tsaya a bakin kogo ya ce, "Gafara dai, mai gida."

Na-Bisa ya leƙo. Ya ce, "Wane ne wannan da ya gaji da duniya tun wata bai tsaya ba?"

"Ni ne Mikon ɗan Timo, wadda za ka ci jibi. Na hawo in gaishe ka, ƙishirwa ta kama ni. Sam mini ruwa."

Na-Bisa ya yi dariya, duwatsu suka gangaro. Ya ce, "Kai ɗan tsurut! In ba ka ruwa ka ce kai baƙona ne? Na san wannan. Sauka."

Mikon ya sauka.

Kashegari ya sake hawa. "Gafara dai, mai gida. Yunwa nake ji. Sam mini ko ɓawon gurasa."

Na-Bisa ya yi dariyar da ta fi ta jiya. Ya ce, "Jiya ruwa, yau gurasa. Dabarar taka ke nan? Masu takobi ma sun fi ka wayo. Sauka."

Mikon ya sauka, kansa a ƙasa kamar wanda aka kunyata. Amma abin da ya je nema ya samu. Dodo ya ga ya kama ɓarawo sau biyu, kuma wanda ya ga ya fi kowa wayo, nan ne barci ke fara ɗaukarsa.

Da ya sauko bai tsaya ko'ina ba sai gaban Sarki Filon. Ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon abu ɗaya. Gobe kafin rana ta fito, a kashe wutar garin nan duka. Kada a bar ko garwashi ɗaya." Ya bayyana masa abin da ya shirya.

Sai dattawa suka taso masa. Wannan ya ce, "Wutar kakanninmu?" Wancan ya ce, "Wutar da ta haye teku?" Wani ya ce, "In dodo ya hana fa? Mu zauna a tsibiri ba wuta, ba uwar taka, ba komai?"

Mikon ya ce, "In ya ga hayaƙi ko a gida ɗaya, ba zai yarda ba. In kuma gida ɗaya ya dafa da tsohuwar wuta, mutanen gidan ba su tsira ba."

Sarki ya ce, "Tashi ka ba ni wuri. Ɗana na rasa, ba zan rasa wutar ubana ba."

Ku ji ikon mata. Melita ta ji labari. Ta shiga wannan gida, ta shiga wancan. Ba gidan da tulu bai taɓa ci wa mutum ba. Wannan mijinta, wannan 'yarta, wannan ƙanenta. Da asuba kowace mace ta ɗauki ƙwaryar ruwa ta tsaya a kan murhunta. Suna kuka suna zubawa, suna zubawa suna neman gafarar iyayensu. Timo ma ta zuba. Hayaƙi ya ɗauke a garin, saura gida ɗaya.

Matan suka taru a ƙofar Sarki. Suka tsaya da ƙoren da ba ruwa. Sarki Filon ya fito ya dube su. Ya koma ciki, ya dubi bakan ɗansa a rataye. Ya ɗauki tulun ruwa da hannunsa, ya juye a murhun ubansa. An ce ranar ce kaɗai aka ga hawayensa.

Yanzu fa gari ba wuta. In Mikon ya dawo hannu wofi, sun yi biyu babu.

Ya ɗauki tsingaron Melita ya hau, karo na uku. "Gafara dai, mai gida."

"Kai ne kuma? Yau me za a roƙa?"

"Ba ruwa, ba gurasa, na daddara. Wutarmu ce ta mutu. Duba ka gani."

Na-Bisa ya fito ya hangi gari. Gabas ba hayaƙi, yamma ba hayaƙi.

Mikon ya ce, "Uwata kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba. In ba ta ci ba, fata da ƙashi za a kawo maka yau. Sam mini garwashi ta dafa na ƙarshe."

Na-Bisa ya tsaya lissafi. Wuta ba ruwa ba ce. Wuta ba loma ba ce. Ba a cinta, ba a shanta. Shi fa tun da aka halicce shi bai taɓa zama da maƙwabci ba. Ba wanda ya taɓa shigo masa da tsingaro da safe, bai taɓa shiga gidan kowa ba. Abin da kowace yarinya a garin ta sani, shi bai sani ba.

Ya ce, "Zan ba ka." Sai muguntar ta motsa. Ya sa ɗan yatsa ya make tsingaron, ya farfashe. Ya ce, "Amma ba a wannan ba. Tara hannunka."

Mikon ya dubi hannuwansa. Hannun ɗinkin taru. Hannun da yake ci da shi, yake ciyar da uwarsa.

Ya tara.

Na-Bisa ya ɗebo garwashi jajir daga murhunsa, da hannunsa, ya zuba masa a tafi. Ya ce, "Ungo, na ba ka kyauta. In ga inda za ka kai."

Wayyo. Ni kaina duk sanda na zo nan sai tsigar jikina ta tashi.

Mikon ya rufe hannu ya juya. Kada wani ya tambaye ni don me bai kunna kara ba. Dutsen nan ƙwal yake, ko ciyawa ba ta fitowa. Yana gudu yana waƙa, don kada ihu ya fito:

Wuta, wuta, ci tafina,
Ki bar mini Inna.
Ci fata, ki ci nama,
Ki bar mini Inna.

Ya zo wani fako. Ƙasa ta ce, "Mikon, ajiye a kaina ka huta, ba mai gani." Ya ce, "In ta taɓa ki ta zama tsintuwa." Ya wuce.

Wuta, wuta, ci tafina,
Ki bar mini Inna.

Ya zo wata kwana. Iska ta ce, "Mikon, buɗe hannunka in hura maka sanyi." Ya ce, "In na buɗe kin tafi da ita." Ya wuce.

Ci fata, ki ci nama,
Ki bar mini Inna.

Ya zo ƙorama a gindin dutse, ruwa garai-garai, mai sanyi. Ƙorama ta ce, "Mikon, tsoma sau ɗaya kawai." Nan fa ya tsaya. Idonsa ya rufe. Waƙar ma ta ƙare. Ya dai ɗaga hannuwan sama ya ratsa ta.

Ya shiga gari, ya shiga gida, ya durƙusa a gaban murhun uwarsa. Hannun ya ƙi buɗuwa. Timo ce ta ɓanɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. A tsakiyar tafin saura garwashi guda, ƙarami kamar ƙwayar zaitun, yana ja. Garwashin ya faɗa kan busasshen kara. Ta hura. Ta hura. Ta hura. Wuta ta kama.

Mikon ya faɗi sumamme.

Melita ta ɗeba, ta kai gaba. Na gaba ta ba ta gaba. Tsingaro ya bi gida gida har murhun Sarki. Aka niƙa sha'ir, aka kwaɓa, aka gasa gurasa, ana yi ana duban rana. Kowa ya ci. Tsoho ya ci, makaho ya ci, jariri aka tauna aka shafa masa a baki. Timo kuwa ta gutsiri loma ɗaya ta haɗiye, sauran ta ƙulle a gefen zane inda tsakuwar take, don hankalinta na kan hannun ɗanta. Ta shafa masa man zaitun, ta naɗe da tsumma.

Rana ta yi ja. Wata ya tsaya, siriri. Timo ta kama hanyar gindin dutse. Da can mutum ɗaya ke tafiya, sauran su rufe ƙofa. Yau gari duka ya bi ta, Sarki a ciki. Mikon ya farfaɗo, ya bi su a baya yana tangaɗi.

Na-Bisa ya sauko, ƙasa na girgiza. Ya ce, "Yau kuma duk kun kawo kanku?"

Timo ta ce, "Mun zo godiya ne, mai gida. Mun ci abincin murhunka."

"Ƙarya kike, tsohuwa! Ban taɓa ba ɗan Adam loma ba."

Mikon ya matso, ya ɗaga hannuwansa a naɗe. Ya ce, "Ka ba ni wuta da hannunka, ka ce kyauta. Ba ta taɓa ƙasa ba, ga shaida. Wutar da ta fita daga murhunka, duk inda ta je murhunka ne. Yau ba wata wuta a garin nan sai taka."

Na-Bisa ya shaƙi hayaƙin da ke tasowa daga gari. Ya gane warin wutarsa. Sama ba gajimare ko ɗaya, amma can nesa wani abu ya yi gurnani.

Yunwar wata guda tana cinsa. Ya ce, "Ba zai yiwu a ce kowa ya ci ba." Ya sunkuya yana shinshina bakin mutane. Ya shinshina Timo, gurasa. Ya shinshina Sarki, gurasa. Ya shinshina Melita da jaririnta, gurasa. Ya bi su ɗaya ɗaya har ya zo kan Mikon.

Ya shinshina. Ya sake shinshinawa. Sai ya washe haƙora.

Kun gane? Ana ta rabon gurasa Mikon na kwance a sume. Da ya tashi ba shi da hannun ɗauka. Gari duka ya ci albarkacinsa, shi kaɗai aka manta.

Na-Bisa ya ce, "Mai wayo ya manta da bakinsa." Ya ɗaga hannun tagulla, ya sako shi da ƙarfinsa duka.

Tsohuwar da ke tafiya da ƙyar, ban san inda ta samo ƙafa ba. Timo ta yi tsalle ta faɗa kan ɗanta, ta fizge ƙullin zane, ta cusa masa gurasar a baki da yatsunta, kamar yadda take yi masa yana goye. Ta ce, "Haɗiye, ɗana!"

Ya haɗiye.

Hannun da aka sako ba ya komawa. Farcen dodo ya taɓa kafaɗar Mikon, jini ya ɗiga ɗis ɗaya. Jinin baƙo.

Aradu ta faɗo. Sau ɗaya tak. Mutane suka kife. Da suka ɗago, ba Na-Bisa, sai wani baƙin dutse a tsaye, da hannu ɗaya a miƙe.

Ba wanda ya yi guɗa. Kowa ya tuna nasa da aka kai wurin nan, suka zauna suka yi kukan da suka daɗe suna haɗiyewa.

Da gari ya waye dattawa suka ce, "A kashe wutar dodon nan. A aika jirgi tsohon gari a ɗebo mai tsarki."

Timo ta fito ta tsaya a gabansu. Ta ce, "Ku kashe taku in kuna so. Tawa ba mai taɓa ta. Dodo garwashi ya bayar, abin da ya ciyar da ita har ta iso, naman ɗana ne."

Sarki Filon ya ce, "Ba za a kashe ba." Ba a kuwa kashe ba.

Hannun Mikon ya warke, amma yatsun sun manne, ba su ƙara riƙe zare ba. Timo ce ke ba shi abinci a baki, safe da yamma, shekara bakwai, har ta mutu a kan shimfiɗarta, da tsufanta, ɗanta na zaune a gefenta. Ranar da aka binne ta, da yamma, Melita ta shigo da akushi ta zauna inda tsohuwar ke zama. Kashegari wani gida ya aiko. Haka aka yi ta yi, gida gida, kamar yadda tsingaro ya bi. Sun manta da shi sau ɗaya, ba su ƙara ba.

To, kun ji. Wanda ba ya zama da mutane, komai wayonsa akwai abin da bai sani ba. Kuma in wani ya ƙona hannunsa don ku ci, kafin ku kai loma baki ku duba ko shi ya ci.

Ƙurunƙus kan ɗan kifin teku. Ba don gizo ba da na yi ƙarya, ita ma ƙaryar a bakin ruwa na tsinto ta. Ku tashi, wani ya rufe mini garwashin nan da toka.